Dangin Dawa: Ciyayin da Zafin Rana Ke Ƙara wa Ƙarfi



Maganata ta yau a kan ciyawa ce. A wurin masana tsirrai dawa ciyawa ce, haka gero da masara da rake da shinkafa da alkama, har da gora duk tsawonta. Dangi ne babba, wanda ya haura iri 11,000 a duniya, kuma ba a iya kewaye shi a zama ɗaya. Saboda haka zan tsaya a kan gida ɗaya daga cikinsa, wanda masana ke kira Andropogoneae, ni kuwa zan riƙa ce masa dangin dawa. Gidan yana da iri wajen 1,200, kusan dukkansu 'yan ƙasashen zafi. A cikinsa akwai dawa da takanda da karan dafi, akwai masara da rake, akwai gamba da jema da tsaure da nobe da tofa. Gero da acca maƙwabta ne na kusa, amma gidansu daban.

Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Allah ya halicci waɗannan tsirrai daidai da ranarmu da ƙasarmu da ƙarancin ruwanmu. Mun riƙe waɗanda muke ci, mun saki waɗanda ke daji da bakin gona, har ma mun fara sakin tsofaffin irin dawar da muka gada. Wannan saki asara ce, kuma muna da halin tsayar da ita.

Yadda ake gane dangin

Duk wanda ya taɓa sarar kara ya san ƙirarsa: gaɓa bisa gaɓa, kowane ganye yana fita daga gaɓa, ya naɗe karan da kube, sannan ya buɗe. Karan alkama da na gora rami ne a ciki, na dangin dawa kuwa cike yake da totuwa. A cikin wannan totuwa tsiron ke ajiye ruwa da zaƙi, shi ya sa rake da takanda suka fito daga wannan gida.

Bishiya daga kanta take tsawo, in aka datse kan sai ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Ciyawa kuwa ta ɓoye wurin tohonta a ƙasa, a gindin ganye da gindin gaɓa da tushen da ke daf da turɓaya. Saniya ta cinye sama, lauje ya yanke, wuta ta lashe, duk da haka ruwan farko na sauka sai ka ga kore ya keto daga baƙin tushe. Gefen ganyen kuma yana ɗauke da ƙananan haƙora masu sinadari irin na yashi, su ne ke yanka hannun mai ɓallar karmami.

Babbar alamar gidan tana cikin zangarniya. Ku ɗauki kan dawa ku duba da kyau. Kusa da kowace ƙwaya mai tsaba akwai wata 'yar siririya a kan ɗan ƙaramin sanda, wadda ba ta yin tsaba. Biyu-biyu suke tafiya, ɗaya a zaune, ɗaya a tsaye. Ku tsinko kan gamba, za ku tarar da wannan tsari a cikin farin gashinta. Za ku kuma ga wani ɗan tsinke murɗaɗɗe mai lanƙwasa a kan ƙwayar. Ku ɗiga masa ruwa a tafin hannu, ku jira kaɗan, za ku ga yana juyawa da kansa. Raɓar dare ta warware shi, rana ta sake murɗe shi, da wannan juyi yake tura ƙwayar cikin ƙasa, ta shuka kanta ba tare da sungumi ba.

Abin da ke cikin ganye

Nan ne zuciyar maganar. Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa da abu uku: hasken rana, ruwa, da iskar kabon. Iskar kabon kaɗan ce ƙwarai a sarari, kimanin kashi 4 cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa. Ganye yana shigar da ita ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma duk lokacin da ƙofofin suke buɗe ruwa yana fita ta nan. Kowane tsiro da ruwansa yake sayen abincinsa.

A cikin ganye akwai sinadarin da ke kama iskar kabon, ana kiransa Rubisko. Yana da rauni guda: in zafi ya yi yawa sai ya riƙa kama iskar oksijin a maimakon ta kabon, tsiron ya yi ta ɓarnar ƙarfinsa wajen gyara wannan kuskure. Yawancin tsirran duniya da wannan rauni suke rayuwa, har da alkama da shinkafa da wake, kuma su ake kira C3. Wannan na cikin dalilan da suka sa alkama ba ta yi a Kadawa sai da sanyin hunturu da ban ruwa.

Dangin dawa sun samu mafita. Ku ɗaga ganyen masara ko na dawa ku kalli rana ta cikinsa, za ku ga jijiyoyi a jere, kusa-kusa da juna. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, kowace jijiya tana da zoben manyan ƙwayoyin halitta koraye da suka kewaye ta. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya bayyana wannan zobe tun ƙarshen ƙarni na 19, amma an daɗe ba a san aikinsa ba. Sai a 1965 Hugo Kortschak da abokan aikinsa a tsibirin Hawai suka bayyana cewa rake yana kama iskar kabon ta wata hanya daban. A 1966 Marshall Hatch da Roger Slack, a birnin Birisben na Ostireliya, suka warware yadda hanyar take. Ƙwayoyin da ke wajen zoben suna kama iskar da wani sinadari wanda ba ya ruɗewa da oksijin, su ɗaure ta, su tura ta cikin zoben, can inda Rubisko yake. Aikinsu kamar na zugazugin maƙeri ne: iskar da ke warwatse a sarari ake tarawa a cusa ta wuri guda, wuta ta kama sosai. A cikin zoben iskar kabon takan ninka ta waje sau da yawa, Rubisko ya daina kuskure. Wannan tsari shi ake kira C4, kuma gero da acca ma suna da shi.

Amfanin a fili yake. Tsiron ba ya bukatar buɗe ƙofofinsa sosai, don haka yakan haɗa abinci da wajen rabin ruwan da ɗan C3 zai ɓatar. Tsakar rana, lokacin da wasu tsirrai suka yi laushi, shi lokacin yake kan ganiyar aiki. Tsirrai masu wannan baiwa ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ire-iren tsirran duniya ba, amma su ke yin kusan rubu'in dukkan abincin da tsirran doron ƙasa ke haɗawa. Mafi yawan abin da ke cika rumbunanmu daga cikinsu yake.

Dawa

Dawa 'yar Afirka ce. Masu tonon tarihi sun samu shaidar nomanta a jikin tsofaffin kasake kusa da Kasala, a gabashin Sudan, tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Daga nan ta bazu yamma zuwa gare mu, ta yi kudu, ta haye teku zuwa Indiya da Sin. Yau ita ce ta biyar a hatsin duniya, bayan masara da shinkafa da alkama da sha'ir. Najeriya na cikin manyan masu nomanta, tana samun tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara.

Bayan baiwar ganye, dawa tana da nata dabarun. Farin garin nan da ke manne wa hannu in ka shafi karanta kakin zuma ne na tsiro, yana rage fitar ruwa. In fari ya matsa, sai ta naɗe ganyenta, ta dakatar da girma, ta jira. Ruwa na dawowa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Akwai wata hikima da kakanninmu suka zaɓa da hannunsu shekara da shekaru. Binciken da aka yi a kan dawar Najeriya a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar gida tana lissafin tsawon yini. Ko an shuka ta da wuri ko an makara, takan fid da kai ne daidai lokacin da damina ta saba ɗaukewa a garin da ta fito. Tsabar sai ta nuna a cikin busasshiyar iska, ta tsira daga ruɓa da baƙin fumfuna. Shi ya sa irin Zariya ba ya jin daɗin Daura, na Daura kuma ba ya jin daɗin Zariya. Kowane tsohon iri ma'aunin daminar garinsu ne. Kaura da farafara da sauransu ba a samu su a banza ba. Kaurar nan mai rawayar tsaba an kai ta Amurka a shekarun 1950, masu kyautata iri suka shigar da jininta cikin dawarsu.

A Barno da arewacin Kamaru da Chadi kuma akwai dawar da ake kira masakwa. Ana renon irinta a ƙarshen damina, a dasa ta a baƙar ƙasar firgi bayan ruwa ya janye, ta rayu da damshin da laka ta riƙe, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu ba tare da ta bukaci ruwan sama bayan dasawa ba.

Amfanin dawa kuwa ya wuce tuwo da kunu da koko. Dusa da karmami na dabbobi ne. Kara ya yi darni, ya yi gado, ya yi makamashi, yara su ƙera mota da totuwarsa. Karan dafi, wanda shi ma dawa ce, ana nomansa ne don jan kubensa. A daka kuben, a jiƙa shi da ruwan toka ko na kanwa, dukawa su rina fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Wannan jar fata ta keta Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai, aka san ta da sunan fatar Maroko. A zamaninmu kuma, da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun abin sha sun koma ga tsiron dawa, manomi ya samu sabuwar kasuwa.

Gargaɗi biyu. Na farko, ƙaramar dawa da gyauronta, musamman wadda fari ya takura, tana ɗauke da sinadarin da ke zama guba a cikin tumbin dabba, yana iya kashe saniya cikin ɗan lokaci. Makiyaya sun san haka. In tsiron ya girma, ko aka yanka aka busar, haɗarin yana raguwa sosai. Na biyu, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tushe ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba sa tsira sai sun ji ɗanɗanon abin da saiwar dawa ke fitarwa. Kafin manomi ya ga furensa ya riga ya tsotse amfanin. A tuge shi kafin ya yi fure, a ƙara taki, a riƙa juya gonar da gyaɗa ko waken suya. Gebisa Ejeta, masani ɗan Habasha, ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda irin dawa mai jure fari da ƙuduji da ya samar.

Baƙi biyu: rake da masara

Asalin rake tsibirin Niyu Gini ne, kuma shi ke ba duniya wajen kashi 80 cikin 100 na sukarinta. A wurinmu ya zauna a fadamu irin na Maƙarfi, inda ake matse shi a dafa ruwan har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Barazil, wadda ta fi kowa nomansa, tun 1975 ta ɗauki shirin mai da shi man mota.

Masara daga kudancin Meziko ta fito, an hore ta daga wata ciyawar daji kimanin shekara 9,000 da suka wuce, ba ta iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Tana da yabanya, amma tana da rauni. Namijin furenta yana can ƙololuwa, macen tana gefe, ita ce gemun da ke leƙowa daga goyo. In fari ya faɗo a makon da take fid da gemu, bununi ya zube kafin gemun ya fito, sai a samu totuwa ba tsaba. Dawa kuwa namiji da mace suna cikin fure ɗaya. Duk manomin da ya kori dawa gaba ɗaya ya cika gonarsa da masara a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ya jingina abincin gidansa a kan mako guda na damina.

'Yan'uwan da ke daji

Yanzu ga waɗanda muka saki. Babbarsu gamba. Tana da saiwa iri uku: masu laushi da ke shimfiɗe kusa da sama suna tsotsar ko yayyafi, masu kauri da ke ajiye abinci, da masu nutsawa can ƙasa neman damshi. Shi ya sa take riga sauran ciyayi toho da bazara, ta kuma daɗe da kore bayan kaka. Da ita ake saƙa zana, a yi jinka, a rufe rumbu, dabba ta ci ɗanyarta. A ƙasar Maraɗi manoma na barinta a kan iyakar gona, ta nuna iyaka, ta tare yashin da iska ke kwasa, a yanke ta da kaka a sayar.

Ku ji abin da wasu suka yi da ita. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, aka kai cibiyar binciken noma ta CIAT a Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya, da sunan Carimagua 1 a Kolombiya, da sunan Planaltina a Barazil, ya zama abincin shanu a ƙasa mai tsami wadda ciyayi da yawa suka ƙi. A Ostireliya labarin ya juya. An kai ta tun shekarun 1930 don kiwo, ta tsere daga makiyaya ta mamaye dajin arewacin ƙasar, tana kai mita 4. Da yake babu mai yanka ta don zana ko jinka, sai ta bushe a tsaye, gobararta ta ninka ta ciyawar ƙasar har sau takwas, tana ƙone manyan bishiyoyi. A 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Darasin shi ne, gamba tana zama arziki ne inda akwai lauje da dabba da hannun masaƙi. Mu muna da duka ukun.

Jema 'yar fadama ce, ana saƙa da ita, saiwarta na da ƙamshi. 'Yar'uwarta ta Indiya tana tura saiwa miƙe ƙasa har mita 3 zuwa 4. Tun shekarun 1980 Bankin Duniya ya yaɗa dasa ta jeri-jeri a gangare don tare zaizaya, ƙasar Haiti kuma ta yi suna wajen tatsar man turare daga saiwarta. Garuruwanmu nawa ne kwazazzabo ke cin gonakinsu, ga jema a fadamar da ke kusa?

Tsaure da nobe su ne masu ƙamshin gidan, 'yan'uwan ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi. Da tsaure ake yin asabari. Nobe kuwa ita ce Larabawa ke kira izhir. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yanke tsirran Haramin Makka, baffansa Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya roƙi a keɓe izhir saboda bukatar maƙera da gidaje da kaburbura, aka kuwa keɓe ta. Ciyawar da ta samu wannan matsayi tana nan a tudun Sahel, muna wuce ta.

Tofa ita ce mai wuyar hali. Saiwarta na rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, tsininta na huda ƙafa, garma ta yanka ta gunduwa-gunduwa kowane guntu ya zama sabon tushe. Ƙona ta ƙara mata ƙarfi yake yi, inuwa ce ke karya ta. Duk da haka tana rufin ɗaki mai kyau.

Abin da ya rage gare mu

Gonaki sun ci daji, an nome iyakoki har bakin hanya, kiwo ya yi yawa a ɗan abin da ya rage, wutar tsakiyar rani tana cinye sauran. Inda a da ake yankan gamba a bayan gari, yau sai an sayo zana daga nesa. Dabba ta rasa ciyawa ta faɗa gona, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta.

Iyayena manoma, ku dawo da gamba kan iyaka. Ba ta bukatar kuɗi: a tsakiyar damina a tono tushe ɗaya, a rarraba shi, a dasa a jere. In don dabba ce, a yanka kafin ta fid da kai, domin bayan nan amfaninta ga dabba yana raguwa. In don zana ce, a bari ta ƙosa. Ku karɓi sabon irin da Cibiyar Binciken Noma ta Samaru da cibiyar ICRISAT ke fitarwa, yana da amfani, amma ku ware kunya kaɗan ga tsohon irin gidanku kowace shekara. Irin dawa ba ya daɗewa a rumbu, in aka yi shekaru ba a shuka shi ba ya tafi ke nan.

Makiyaya da masu unguwanni da dagatai, ku haɗa kai a kan wuta. Wutar farkon kaka, lokacin da ƙasa ke da sauran damshi, ba ɗaya take da ta Maris ba, wadda ke cin tushe da bishiya da abincin dabbobin gari gaba ɗaya saboda farautar gafiya.

Ɗalibai, aikinku shi ne rubutu. Wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Fiye da shekara 100 ke nan, kuma dattawan da suka san kowace ciyawa da wurin fitarta da amfaninta suna ta raguwa. Ku zauna da su, ku je daji tare, ku ɗebo samfuri ku busar, ku rubuta sunan da garin da amfanin. Ku auna jemarmu a bakin kwazazzabo, ku gwada tsofaffin irin dawa a shekarar fari. Zafin duniya ƙaruwa yake yi, ƙasashe da dama suna neman amfanin gona mai jure shi, kuma bai kamata binciken tsirranmu ya zama sai baƙo ya zo ya yi mana ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa gonakinmu da dabbobinmu albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.